Yadda Maigida Zai Riƙe Ma'aikatansa Tun Kafin Su Fara Neman Hanyar Fita

A Damagaram da wuya ma'aikaci ya tsaya gaban maigidansa ya ce ya gaji da aiki. Abin da aka saba gani shi ne ya nemi izinin kwana uku domin ya je Magarya ko Matamai ya duba mahaifiyarsa, kwana uku su zama mako biyu, wayarsa ta daina shiga, sai daga baya wani ya kawo labarin an gan shi a Kano yana ɗinki, ko kuma ya bi motar Agadas yana harin wuraren haƙar zinariya, waɗanda suka fara janye samarinmu tun da aka gano ta a Jado a 2014. Maigida ya yi tsaki ya ce yaran yanzu ba su da haƙuri, ya ɗauki wani, bayan wata shida labarin ya maimaita kansa. Wannan bayani na mai gidan burodi ne, da mai shagon ɗinki, da mai gareji, da mai makarantar kuɗi, da duk wanda ke da mutum biyar zuwa talatin a ƙarƙashinsa. Matakan suna da tsari, kuma tsarin shi ne ginshiƙin maganar, domin yawancin masu gida suna farawa ne daga inda ya kamata su ƙare.

Mataki na farko shi ne ka zauna da littafi ka ƙidaya. Ka rubuta sunan duk wanda ya bar ka a cikin shekara biyu da suka wuce, da watan da ya tafi, da tsawon zamansa, da wanda yake aiki a ƙarƙashinsa. Da zarar ka jera su za ka ga abin da idonka bai kama ba a da. Idan yawancinsu sun tafi a watan Yuni ko Yuli, damina ce ta kira su gona. Idan sun tafi a cikin wata uku na farko, to ko dai ba a gaya musu gaskiyar aikin ba lokacin ɗauka, ko kuma tsofaffin ma'aikata ne ke gasa wa baƙo aya a hannu. Idan kuwa duk sun fito daga hannun mutum ɗaya, ka san inda bangon ya tsage. Sannan ka lissafa abin da tafiyar kowanne ta ci maka: kwanakin da keke ko injin ya zauna babu mai taɓa shi, kayan da sabon hannu ya ɓata kafin ya goge, da masu sayen da suka bi tsohon ma'aikacin zuwa sabon wurinsa. Mai gida da yawa da ke ƙyashin ƙara wa gwaninsa jika goma yakan gano cewa ya yi asarar abin da ya ninka haka a wata guda bayan tafiyarsa.

Kafin a wuce nan, akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya fitar da sakamakon tambayoyin da shi da abokan aikinsa suka yi wa injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, inda suka nemi kowa ya faɗi lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai da lokacin da ransa ya ɓaci ƙwarai. Sai ya lura cewa amsoshin sun rabu gida biyu. Abubuwan ɓacin rai sun fi zuwa daga albashi, dokokin ma'aikata, halin shugaba da yanayin wurin aiki, su kuwa abubuwan da ke sa mutum ya zage damtse sun fi zuwa daga aikin kansa, da yabo, da ba shi amana, da ganin yana ci gaba. Masana sun yi ta muhawara a kan binciken, kuma ni ma ban yarda cewa kuɗi ba ya ƙara himma ba, musamman ga magidancin da ke auna gero da tiya kullum. Amma darasin tsari da ke cikinsa daidai yake: sai an cire ƙayar da ke ƙafar mutum sannan a ce masa ya yi gudu. Saboda haka matakai huɗu masu zuwa duk na cire ƙaya ne.

Mataki na biyu, kuma mafi nauyi, shi ne ranar albashi. Ka tsayar da rana ɗaya a wata, ka faɗe ta a gaban kowa, kada kuma ka saɓa ta ko da za ka jinkirta sayen kaya ko biyan kanka. Ma'aikaci mai karɓar jika hamsin a ranar da ya sani ya fi kwanciyar hankali a kan mai karɓar jika sittin da ake ba shi gutsi-gutsi, yau goma, jibi biyar, sauran sai kasuwa ta buɗe. Dalili a fili yake: shi ma yana da mai gidan haya, da mai shagon unguwa da ke rubuta masa bashin shinkafa da sabulu, da uwar adashe, kuma duk ranar da ka saɓa masa shi ne zai zama maƙaryaci a gabansu. Wannan kunyar ce ba ya yafewa, ko da bakinsa ya ce ba komai. Hadisin da ke umurtar a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, dokar aiki ta Nijar ta 25 ga Satumban 2012 kuma ta ce albashin wata kada ya wuce kwana 8 bayan ƙarewar watan. Haka nan mafi ƙarancin albashi, wanda ya daɗe a kan sefa 30,047, an ɗaga shi zuwa 42,000 daga Janairun 2024. Wanda ke biyan ƙasa da haka ga mai aikin cikakken lokaci ya fara gyara wannan kafin ya yi tunanin komai.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ware kuɗin albashi kullum. Idan jimillar albashin wata jika 300 ce, ka cire jika 10 daga cinikin kowace rana ka ajiye a inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba. Ranar biya ka ba kowa takardar da ke nuna abin da ya samu, abin da aka cire da dalilin cirewa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda kake tura wa ta waya ko ta Nita ko Amana, kuɗin turawa naka ne, kada ka zaftare shi daga haƙƙinsa.

Maganar abans tana nan ita ma. Babu ma'aikacin da ba zai zo neman wani abu a tsakiyar wata ba, domin haihuwa da ciwo da rasuwa ba sa jiran ƙarshen wata. Kuskuren shi ne a bar abin ga yanayin fuskar maigida, wanda ya same shi cikin fara'a ya samu, wanda ya zo ranar da kaya suka maƙale a iyaka ya sha faɗa. Ka kafa ƙa'ida ɗaya, misali kada abans ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, a rubuta shi, a cire shi a wata ɗaya ko biyu. Kada kuma ka yi amfani da bashi ka ɗaure mutum. Wanda bashin maigida ya yi wa katutu har ya daina ganin albashi a hannunsa shi ne ke gudu da dare.

Mataki na uku shi ne takarda. Na san masu gida da yawa suna gudun kwantira domin suna ganin igiya ce za su sa wa wuyansu, alhali ita ce ke raba gardama ranar da aka saɓa. Shafi ɗaya ya isa: sunan aiki, lokacin shiga da tashi, albashi, ranar hutu, tsawon gwaji, da yadda za a rabu. A karanta wa mutum da Hausa kafin ya sa hannu a rubutun Faransanci. Doka ta tsayar da awa 40 a mako, abin da ya haura nan ana biyansa da ƙari, akwai hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, akwai konje, wato hutun shekara, na kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, mace mai ciki kuma tana da hutun haihuwa na mako 14. Wanda ya rikice a kan wani abu ya je ofishin sufeton aiki na jiha ya tambaya tun ba a kai ƙararsa can ba.

Sai rajista a CNSS, asusun ƙasa mai kula da jin daɗin ma'aikata, wadda a ganina ita ce abin da ƙananan ma'aikatu suka fi sakaci da shi alhali ta fi komai riƙe magidanci. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, maigida ya ɗora kashi 16.40. A ce albashin jika 60 ne, za a cire masa sefa 3,150, kai ka zuba 9,840. Kuɗi ne, ba a musu. Amma da su mutum ke samun kuɗin tallafin ƴaƴa, da kulawa idan injin ya cinye masa yatsa, da fansho ranar da ƙarfi ya ƙare. Mai walda ko direban da ya ga lambarsa a takarda yana tunani sau biyu kafin ya bi wanda ya yi masa tayin ƙarin jika biyar ba tare da komai a rubuce ba. Gwanayen garin nan suna hangen matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, da ƙungiyoyin agaji da aikin gwamnati, kuma abin da ke jan su can har da wannan tabbacin. Ba za ka iya gasa da su a yawan albashi ba, amma kana iya ba da tabbaci daidai ƙarfinka.

Mataki na huɗu ya fi wuyar faɗa, domin ya taɓa dangi. Ma'aikaci ba ya auna albashinsa shi kaɗai, yana auna shi ne da na wanda ke tsaye kusa da shi. Wani masani, Stacy Adams, ya bayyana wannan tun a 1963: idan mutum ya ga wahalarsa ta fi ta wani amma ladansu ɗaya, ko na wancan ya fi, zai daidaita ma'aunin da kansa, ya rage ƙoƙari, ko ya fara ɗebe abin da yake ganin haƙƙinsa ne, ko ya tafi. Na taɓa riƙe wa wani gidan burodi lissafi, inda mai kwaɓi yake shiga tun ƙarfe uku na dare, ya tsaya gaban tanda har hantsi, ɗan ƙanwar maigidan kuwa ya iso ƙarfe tara a kan babur, ya zauna bakin akwatin kuɗi yana latsa waya, albashinsu kuma ɗaya. Wata safiya na ji maigidan yana tambayar mai kwaɓin abin da ya sa burodi ya fara raguwa a nauyi. Mutumin ya goge hannunsa a jikin rigarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, fulawar ce ta canza." Fulawa ba ta canza ba, ni nake rubuta buhunan. Bai kai ƙaramar Sallah a wurin ba.

Ba a hana mutum taimakon nasa ba. Amma ka raba aljihu biyu: abin da za ka ba ɗan'uwa don zumunci ka ba shi a gida, daga naka. A wurin aiki a biya shi gwargwadon aikinsa, ya shiga lokacin da kowa ke shiga, idan ya yi latti a yi masa abin da ake yi wa kowa. Ka kasa ayyukanka zuwa mataki uku ko huɗu, ka sa wa kowanne iyakar albashinsa, ka bayyana abin da ke ɗaga mutum daga wannan zuwa wancan. Kada ka dogara da cewa ba su san albashin juna ba, sun sani tun ranar farko.

Mataki na biyar shi ne wurin aikin kansa, kuma a nan garinmu yana da nasa sharuɗɗan. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, shagon kwano kuwa da azahar tanda ne. Wanda ya san wahalar ruwan Damagaram ya san cewa randa cike da ruwan sanyi a wurin aiki ba ƙaramin abu ba ce, kuma ma'aikacin da ya kwana yana jiran famfo ya kawo ba zai iso da ƙarfe bakwai da ƙarfinsa ba. Ka tanadi ruwan sha, da makewayi mai ƙofa da ake wankewa, da inuwa, da tabarmar sallah. A lokacin bazara ka matso da aiki mai nauyi zuwa sassafe, a huta da tsakar rana, a dawo bayan la'asar. Da azumi a yi haka nan, a kuma sallami mutane da wuri yadda za su sha ruwa a gida. Gilashin mai walda, safar hannu, takunkumin mai aikin nika da na mai fenti, duk kai za ka saya. Idan akwai mata, ka duba lokacin tashinsu, domin wadda za ta nemi abin hawa daga kasuwar Dole zuwa bayan gari bayan isha'i, mijinta ko mahaifinta ne zai ajiye mata aikin, ko tana so ko ba ta so.

Damina kuwa a yi shiri da ita maimakon a yi faɗa da ita. Tun watan Mayu ka tambayi masu gona a Mirya ko Tanut ko ƙauyukan kewaye kwana nawa suke buƙata na shuka da noma da girbi, ka tsara musu tafiya bi da bi, a cire daga konjensu. Wanda aka ba izini yana dawowa, wanda ya saci jiki kunya ke hana shi dawowa.

Sai an kammala waɗannan ake zuwa ga mataki na shida, wato mutunci, wanda ba ya cin ko dala. Ƙa'idar gajera ce: yabo a gaban jama'a, gyara a keɓe. Magidanci mai ƴaƴa huɗu da aka zaga a gaban mai saye, ko aka kira shi "kai yaro" a gaban ƙaninsa, ya riga ya tafi a zuciyarsa, jikinsa ne kawai ke jiran dama. Wanda ya girme ka ka kira shi Malam ko Baba, ko da shara yake yi maka. Idan an yi kuskure ka ja mutum gefe, ka faɗi abin da ya faru da abin da ya jawo, ka saurari nasa bayanin har ya ƙare, sannan ku tsayar da abin da za a yi gobe. Ka je suna, ka je gaisuwar mutuwa, ka leƙa asibiti.

Abin da masu gida suka fi mantawa shi ne ba su kaɗai ne ke riƙe da mutuncin ma'aikata ba. Babban yaron shago ko shugaban sashe shi ne fuskar da ake gani kullum, kuma sau da yawa an ɗora shi ne don ya fi kowa iya aiki, alhali iya aiki daban, iya tafiyar da mutane daban. Saboda haka sau ɗaya a wata uku ka zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, ko da minti goma sha biyar ne. Kada ka tambaye shi ko akwai matsala, domin amsar ita ce "lafiya lau, ranka ya daɗe." Ka tambaye shi abin da ya fi ɓata masa lokaci a wannan makon, da kayan aikin da yake ganin ya kamata a sauya. Daga maganar almakashi marar kaifi ake gangarowa zuwa maganar wanda ke ɓoye mai kaifin. Duk abin da ka ji kuma ka gyara ko da ɗaya ne a cikin mako, in ba haka ba zama na biyu ba za ka ji komai ba.

Mataki na bakwai shi ne kowa ya san aikinsa da ma'aunin da ake auna shi da shi. "Ku dage" ba umurni ba ne da mutum zai iya cikawa. A ce wa tela riga kaza a mako, wadda ba a dawo da ita gyara ba, a ce wa mai sayarwa lissafinsa ya daidaita kowane dare. A yi hattara da biyan lada a kan yawa kaɗai. Duk wanda ya kai ɗinki ana saura kwana goma Sallah ya san abin da gaggawa ke yi wa wuyan riga, don haka idan za ka ba da tukuici ka haɗa yawa da kyau, ka faɗi ƙa'idar tun farko, ka kuma biya a ranar da ka ce. Goron Sallah da buhun gero da azumi suna da daɗi, sai dai ba sa goge albashin da aka jinkirta.

Mataki na takwas shi ne ka nuna wa mutum gabansa. Yaron da ya shekara uku yana share gareji yana miƙa sifana, ba a taɓa barinsa ya buɗe inji ba, ya gane cewa ba a yi niyyar koya masa ba. Tsoron masu sana'a sananne ne, wai idan ka koya masa zai buɗe nasa ya ƙwace maka masu saye. Zai buɗe ɗin, ko ka koya masa ko ba ka koya ba, bambancin shi ne ko zai tafi yana yi maka addu'a yana turo maka aikin da ya fi ƙarfinsa, ko zai tafi da haushi. Dukawa da maƙeran garin nan sun daɗe da al'adar yaye almajirin sana'a, a yi masa addu'a a ba shi kayan fara aiki, kuma wannan al'adar ce ke sa na baya su yi haƙuri su zauna. Ka tsara abin da apranti zai koya a shekarar farko da ta biyu da ta uku, ka gaya masa da mahaifinsa. Ga ma'aikatan da suka goge kuma, ka ba su amana a hankali, yau makullin sito, gobe zuwa sayen kaya, jibi riƙon shago idan ka yi tafiya. Asusun FAFPA na tallafa wa horon sana'a da koyon aiki, yana da kyau ka nemi bayanin shirye-shiryensu domin ka tura mutum ɗaya ko biyu.

Duk da haka wani zai tafi, kuma yadda ka sallame shi waɗanda suka rage ne ke kallo. Ka lissafa masa kwanakin da ya yi a watan, da kuɗin konjen da bai ci ba, ka cire bashin da ke rubuce, ka biya shi a take. Ka ba shi takardar shaidar aiki, domin haƙƙinsa ce a doka, ba alfarma ba. Kada ka tambaye shi dalilin tafiyarsa a ranar, ba zai faɗa ba. Ka bari bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da ya zauna a sabon wurinsa kuma ba ya tsoron a riƙe masa komai, ka kira shi ku gaisa, ko ka aiki wani dattijo da yake jin nauyinsa. Abin da ya faɗa ka koma ka rubuta shi a gaban sunansa a littafin nan da ka buɗe a matakin farko.